Yadda Ake Zaɓar Siroket da Daidaita Giya ga Tsohon Babur a Hanyoyin Karkara

Tambayoyi iri biyu ne suke ta zuwa daga masu tsofaffin babura, kuma dukansu maganarsu ɗaya. Wani ya ce: "Malam, in na ɗora buhu biyu sai babur ya ƙi tashi sai na taimaka masa da ƙafa." Wani kuma ya ce: "Nawa yana ja, amma da na hau kwalta sai ya yi ta ihu, giya ta ƙare, gudu bai zo ba." Mafi yawan lokaci amsar tana wurin siroket, farantan nan biyu masu haƙora da cen, wato sarƙar babur, yake hawa, ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya.

Wannan jagora ta masu irin su Honda CG125, Roadmaster, ƙananan Honda 50 da 70, Suzuki 100, Yamaha 100 da tsofaffin Jincheng ce. Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko: siroket ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Rabon ƙarfin kawai yake sauyawa. Abin da ka ƙara a wajen ja, ka rage shi a wajen gudu, haka in ka juya.

1. Fara duba lafiyar injin

Kada ka sayi komai tukuna. Babura da yawa da ake kawowa don a sauya musu siroket, ciwonsu a wani wuri yake. Cire fulogi ka ga launinsa. Buɗe matatar iska, domin ƙurar hunturu tana toshe ta har inji ya riƙa shaƙewa. Juya tayar baya da hannu ka ji ko birki yana gogawa. Duba iskar taya. Sannan gwada kuloci: sa giya ta ƙarshe kana tafiya a hankali, ka murza totur gaba ɗaya. In ƙarar inji ta tashi sama amma babur bai ƙara sauri ba, kuloci ne yake zamewa, kuma babu siroket ɗin da zai gyara wannan.

Masu inji mai hayaƙi, irin Suzuki 100 da Yamaha 100, su leƙa cikin salansa. Daskararren baƙin da yake taruwa a ciki yana cinye ƙarfin babur fiye da yadda ake zato.

Gargaɗi: in fistin da zobbansa sun gaji, ƙaramin siroket a gaba zai ɓoye matsalar na ɗan lokaci, amma zai sa injin ya riƙa juyawa fiye da da. Gajiyayyen inji kuwa juyi ne yake ƙarasa shi.

2. Faɗa wa kanka gaskiyar aikin babur ɗin

Ba hanyar da kake bi ranar sallah za ka duba ba, wadda kake bi kullum. Mutumin da yake ɗauko tumatir daga gonakin Kadawa zuwa Kwanar Gafan, ko mai kai buhunan shinkafa daga fadamun Auyo zuwa Haɗejia da damina, ja yake buƙata. Haka mai ratsa rairayin Sule Tankarkar da Maigatari ranar Alhamis da akuya biyu a baya, ko mai hawan tuddan Riruwai. Malamin makarantar da yake bin kwalta daga Wudil zuwa Gaya shi kaɗai da jakarsa, shi ne zai iya tunanin sassauta wa inji.

Jaki da doki kowa da aikinsa, kuma mafi yawan baburan ƙauye aikin jaki suke yi ko da mai su yana so a ce doki gare shi.

3. Ƙirga haƙora, karanta lambar cen

Kwance murfin da ya rufe siroket ɗin gaba. Yawanci za ka ga lamba a jikinsa, kamar 14T ko 15T, wato yawan haƙoransa ke nan. Na baya ma haka. In lambar ta goge, ɗiga wa haƙori ɗaya alli ko fenti, ka ƙirga har ka dawo kansa. Ƙirga sau biyu. Tsohon babur ya bi hannaye da yawa, don haka kada ka ɗauka abin da ke jiki shi ne na kamfani.

Sai cen. Goge gefen gaɓoɓinsa da tsumma da kananzir, za ka ga lamba. A irin baburan nan ba ta cika wuce 420 ko 428 ba. Ƙananan Honda 50 da 70 suna amfani da 420, CG125 kuma 428. Duka biyun tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa ɗaya ce, milimita 12.7, amma 428 ya fi faɗi kuma 'yan gangunansa sun fi kauri. Manyan babura su ne masu 520 da 530, tazararsu milimita 15.875.

Gargaɗi: saboda tazarar 420 da 428 ɗaya ce, wani mai shago zai ce maka "ai duk ɗaya ne, zai hau." Cen 428 zai hau siroket 420, amma zai yi ta lilo gefe da gefe yana cin haƙora. Cen 420 kuwa ba zai zauna daidai a kan siroket 428 ba. Lamba ɗaya za ka sa a wuri ukun.

4. Yi lissafin

Nan ne mutane suke gudu, alhali lissafin bai fi na awon hatsi wuya ba. Raba haƙoran baya da haƙoran gaba. Abin da ya fito shi ne lambarka. A ce gabanka 14, bayanka 42. Ka raba 42 gida 14, ka sami 3.00. Ma'ana siroket ɗin gaba sai ya juya sau 3 kafin tayar baya ta juya sau 1.

In lambar ta hau, ja ya ƙaru, gudu ya ragu. In ta sauka, ja ya ragu, inji ya sami sassauci a kwalta. Ga yadda abin yake idan muka ɗauki 14 da 42 a matsayin mafari, kuma a ce da su kana tafiyar kilomita 60 a awa:

15 da 42 suna ba da 2.80. A juyin inji iri ɗaya za ka yi kimanin kilomita 64.
14 da 45 suna ba da 3.21, tafiya ta koma kimanin 56.
13 da 42 suna ba da 3.23, ita ma kimanin 56.
14 da 39 suna ba da 2.79, kusan daidai da 15 da 42.

Ka lura, haƙori 1 a gaba daidai yake da kimanin haƙora 3 a baya. Kowannensu yana sauya abin da kusan kashi 7 cikin 100. Kashi 7 yana da ƙanƙanta a takarda, amma a kan sirdi da buhun masara a baya za ka ji shi tun daga tashi.

Mai son ya san ainihin abin da injinsa yake sha, ga hanya. Ɗora babur a kan tsayawarsa ta tsakiya, cire fulogi, buɗe murfin maganeto, wato ƙarfen gefen inji da yake juyawa tare da shi, sa giya ta ƙarshe. Yi alama a jikin maganeto, yi wata a taya. Juya maganeto da hannu kana ƙirgawa har taya ta zagayo sau ɗaya. A ƙananan babura masu kulocin hannu za ka samu tsakanin 9 da 12. A ce ka sami 11. Taya mai lamba 3.00-18 tana cin ƙasa kimanin mita 1.9 a zagaye ɗaya. Tafiyar kilomita 60 a awa mita 1,000 ce a minti, wato taya tana juyawa kimanin sau 526, inji kuma kusan sau 5,800 a minti. Ka mai da 14 ta zama 15, juyin ya sauko wajen 5,400. Ka mai da ita 13, ya haura 6,200. Inji ɗan shekara 40 da zai wuni a 6,200 cikin zafin watan Afrilu, ka san abin da kake nema.

Gargaɗi: girman taya ma yana shiga lissafin. Wanda ya cire taya 2.75 ya sa mai tudu 3.00 ko 3.25 ya riga ya rage wa babur ja ba tare da ya taɓa siroket ba.

5. Zaɓi: gaba za ka taɓa ko baya

Shawarata ita ce a fara da gaba, haƙori ɗaya tak. Shi ya fi arha, shi ya fi saurin sauyawa, kuma yawanci cen ɗin da ke jiki zai isa. In bai yi maka ba, ka mai da tsohon cikin ɗan lokaci.

Mai kaya da mai rairayi ya rage 1 a gaba, ko ya ƙara 2 zuwa 4 a baya. In dindindin ne aikin, ƙarin baya ya fi alheri, domin ƙaramin siroket a gaba yana lanƙwasa cen da yawa, haƙora kaɗan ne suke ɗaukar dukan nauyin, sai su cinye da wuri. Ƙasa da 13 a cen 428 ban ga amfaninsa ba. Ban da cin cen, yana sa shi ya kwanto ya riƙa gurzar ƙarfen da ke riƙe da tayar baya.

Mai kwalta ya ƙara 1 a gaba, ya tsaya a nan. Samari suna son su tsallake haƙora biyu, wai don gudu da rage shan mai, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Abin da yake faruwa shi ne inji mai ƙarfin doki 10 ko 11 ba ya iya cika giyar ƙarshe. Da iska ta taso daga gabas ko an ɗauki mutum ɗaya, sai ka ga ana komawa giya ta uku, totur a murɗe har ƙarshe. Gudun bai zo ba, man ma an fi sha, ga kuloci yana ƙonewa a kowane tashi.

Injin mai hayaƙi ya fi ƙin wannan. Shi ƙarfinsa a sama yake, in ka danne shi yana gurnani a ƙasa sai fulogi ya riƙa yin baƙi yana ɗaukewa. Irin su CG125 da Roadmaster sun fi haƙuri da juyin ƙasa, shi ya sa ƙarin haƙori ɗaya a gaba ya fi karɓarsu.

Gargaɗi: tsofaffin baburan nan da yawa suna da murfin ƙarfe da ya rufe cen gaba ɗaya. Babban siroket na baya yana iya taɓa shi. Auna kafin ka saya. Kada ka yar da murfin don siroket ya shiga, domin a ƙasar rairayi shi ne yake tsawaita ran cen. A gaba ma duba ko babban siroket zai bar wa cen wuri tsakaninsa da jikin inji.

6. Tsawon cen

Duk haƙori 1 da ka ƙara, gaba ko baya, yana cin rabin gaɓa na cen, yana kuma jawo taya gaba da kimanin milimita 3. Haƙora 3 sun kai kusan santimita 1. Haƙora 4 suna buƙatar ƙarin gaɓa 2. Leƙa ramin da ƙarfen tsakiyar taya yake zamewa a ciki ka ga sauran wurin da ya rage. Cen bibbiyu ake rage shi ko ƙara shi. Sabo yakan zo da tsawo, sai a ɗora shi a kan siroket, a tura taya gaba, a ga inda za a yanke. Auna sau biyu kafin a buge ƙusar, domin wanda ya gajarce sai da ƙari, mahaɗi biyu a cen ɗaya kuwa wurin tsinkewa biyu ne.

7. Giyar cikin inji

Wasu suna tambaya ko za a iya sauya giyoyin ciki. Ana iyawa, amma sai an raba inji biyu, kuma a tsohon babur ba kasafai ribar take biyan wahalar ba. Siroket yana ɗaga dukan giyoyi ne ko ya sauke su tare, ba ya rage tazarar da ke tsakaninsu. In damuwarka ita ce daga ta biyu zuwa ta uku inji yana faɗuwa, wannan halin akwatin giyar ne, musamman masu giya 4. CG125 na farko giya 4 gare shi, na baya suka zo da 5, shi ya sa wasu kanikawa suke ɗauko kayan ciki na mai 5 su zuba.

In har za ka yi, sayi jerin gaba ɗaya daga inji guda: sandunan biyu da giyoyinsu, cokulan sauya giya da gangarsu. Haɗa na Japan da na China ɗaya-ɗaya shi ne yake kawo giya mai fita da kanta a kan hawa. Ka kuma duba bakin sandar da siroket yake hawa, domin in tsaginta ya bambanta, siroket ɗinka na da ba zai shiga ba. Ni dai sai in giya ta riga ta lalace, dole a buɗe injin, sannan nake ba da wannan shawara.

8. Saye da kuɗin da za a kashe

Tafi da tsofaffin a hannu. A kasuwar ƙauye, ko Dambatta ranar Lahadi ko Wudil ranar Juma'a, za ka sami na baburan da ake yayi. Na tsofaffi irin Roadmaster sai an shiga Kano, a nema a Sabon Gari ko wurin masu tsofaffin kaya a Kofar Ruwa. Ɗora sabo a kan tsoho: ramukan noti su dace, ramin tsakiya ya dace, kauri ya zo ɗaya. Wani siroket ɗin baya shafaffe ne, wani kuma yana da ɗan zurfi kamar faranti. In ka musanya su, cen zai karkace ko da ramuka sun dace. Na gaba kuma ƙirga tsagin cikinsa, ka sa shi a sandar ka ji ko yana girgiza.

Farashi yana bin dala, don haka tambayi shago uku a ranar da za ka saya. Tsarin dai ba ya sauyawa: siroket ɗin gaba ne mafi arha, na baya ya fi shi, cen mai kyau ya fi su duka. Ƙara da kuɗin robobin cikin cibiyar taya, sabon mahaɗi, kananzir, da ladan bakanike. Saitin da ake haɗawa a kwali ɗaya ya fi arha, amma da haƙoran da suka ga dama yake zuwa, ba lalle naka ba. Ɗauki na baya a hannu ka ji nauyinsa. Wanda ya cika sauƙi, haƙoransa da kaifin yanka, ba zai ga damina biyu ba.

Shin dole a sauya ukun tare? Auna cen ɗinka. Ja shi ya miƙe, auna gaɓa 20, wato daga tsakiyar ƙusa ta 1 zuwa ta 21. Sabon 420 ko 428 milimita 254 ne. In ya kai 259, ya gama aiki. Wata hanyar: kama cen a can bayan siroket ɗin baya ka ja shi waje. In ka hango rabin haƙori, ya tafi. Haƙoran da suka yi tsini ko suka karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya su ma sun gama.

Gargaɗi: tsohon cen a kan sabon siroket zai mai da shi tsoho cikin 'yan makonni. Don gwaji na kwana biyu ba laifi, don zama kuwa asara ce.

9. Ɗaurawa

Kayan aiki: sifanu masu lamba 10, 12, 14, 17 da 19, wani babur ɗin har 22, filaya, sukudireba, guduma da ɗan ƙarfen buge ƙusa, buroshi, kananzir a gwangwani, ma'auni.

Fara sassauta na gaba tun cen yana jiki, wani ya taka maka birkin baya. In ka riga ka cire cen, sandar za ta yi ta juyawa ba abin riƙewa. Honda yawanci ɗan faranti ne da noti biyu masu lamba 10. Wasu baburan babban noti ɗaya ne da wosha da ake lanƙwasa bakinta, sai ka miƙe ta kafin ka kwance, ka sake lanƙwasa ta bayan ka ɗaure. Siroket ɗin gaba, gefen da ke da lamba shi yake kallon waje a mafi yawansu, amma dubi yadda tsohon ya zauna kafin ka zare shi.

Cire tayar baya, ka jera woshoshi da 'yan bututun tazara a kan tsumma yadda suka fito. Duba robobin cibiya. In sun murƙushe, shi ne ƙarar "ƙwas" da kake ji duk lokacin da ka saki kuloci. Ɗaura siroket ɗin baya, kana ɗaure noti ɗaya sannan wanda yake fuskantarsa a ɗaya gefen, ba bi da bi ba.

Zura cen, haɗa bakinsa biyu a kan siroket ɗin baya, haƙora za su riƙe maka. Sa mahaɗi, sa 'yar makullinsa.

Gargaɗi: rufaffen kan makullin shi yake fuskantar inda cen yake tafiya, buɗaɗɗen bakin yana baya. In ka juya ta, kara ko ciyawa ɗaya ta isa ta fizge ta.

Ja taya baya da ajasta biyu, wato notocin jan taya da ke gefenta biyu, kana duba layukan da ke jikin ƙarfe don su zo daidai hagu da dama. Tsuguna a bayan babur ka hangi cen, ya miƙe sak. Bar masa wasa na kimanin santimita 2 a tsakiyar layin ƙasa. Juya taya ka nemi inda ya fi tsauri, a nan za ka auna. Sannan ka ce wa wani ya hau, in da hali da irin kayan da ka saba ɗauka, ka sake taɓawa. Dole ya rage ɗan wasa. Cen da ya yi tsauri da kaya yana cin boris na inji da na taya, kuma gyaran boris ɗin inji ya ninka kuɗin siroket. Ɗaure babban noti, mai da 'yar ƙusar da ke tsare shi, ka sake saita birkin baya, domin duk motsin taya yana sauya shi.

Gargaɗi: kada ka taɓa goge cen ko shafa masa mai inji yana aiki, giya a ciki. Tsumma yake fara kamawa, yatsu su biyo. Kashe inji, juya taya da hannu.

Wajen mai, ɗan man giya mai kauri kaɗan ya isa, a ɗiga ta ciki, a goge abin da ya yi saura. Cen da aka dulmuya a giris sannan aka shiga rairayi, yashin yake kwasa ya riƙa niƙa kansa.

10. Gwaji

Gwada a hanyarka, da kayanka. Abu uku za ka lura da su. Tashi daga tsaye: ya tashi ba tare da ka daɗe kana riƙe da rabin kuloci ba. Giyar ƙarshe a shimfiɗaɗɗiyar hanya: in ka murza totur ya amsa, ba gurnani ba, ba kuma ihu ba. Sai wurin da ya fi ba ka wahala, ko gangaren rafi ne ko wani kwarin yashi: dubi giyar da ka wuce da ita yanzu da wadda ka saba.

Agogon gudu na tsofaffin baburan nan daga tayar gaba yake karatu, don haka sauya siroket ba ya ruɗa shi. In ya mutu, wayar hannu mai taswira za ta nuna maka. Don shan mai kuwa, cika tanki, yi zirga-zirgarka ta mako, sake cikawa, ka kwatanta da yadda yake a da.

Sabon cen yana saki a kwanakin farko, don haka sake duba wasansa da notin siroket bayan tafiyar kilomita 100 zuwa 200. Tsohon siroket ɗin gaba kuma, in haƙoransa da saura, wanke shi ka ajiye a akwatin gefe tare da mahaɗi guda. Masu noman fadama da yawa biyu suke riƙewa: ƙarami da damina da lokacin kwasar amfani, babba kuma da rani in hanya ta bushe kaya sun yi sauƙi.